Babi na Biyar: Famfas na Manya ga Wanda Fitsari ke Kuɓuce Masa

Wannan babi na waɗanda fitsari ke kuɓuce musu ne, da masu jinyarsu. A ajinmu na nan Makka akwai wanda haɗarin mota ya taɓa masa laka, akwai wadda ɓarin jikinta ya shanye, akwai wanda ciwon suga ya kashe masa jijiyoyin mafitsara. Wani ma mafitsararsa lafiya lau take, ƙafa ce ba ta kai shi banɗaki a kan lokaci. Duk larura ce, kuma babu wanda ya roƙe ta. Ku je likita ya nemo sanadin, domin wata matsalar tana jin magani. Mu a nan za mu koyi zama da ita cikin tsabta. Ku riƙa karantawa a hankali, yatsa yana bin layi.

Darasi na 1: Karanta jikin leda

Idan kun shiga saidaliyya, wato kantin magani, Nahdi ce ko Al-Dawaa ko ƙaramar ta unguwa, ku ce "hafayid kibar", mai shago zai gane na manya kuke nema. Iri biyu za ku fi gani. Ɗaya kamfai ne da ake zurawa ta ƙafa, ya dace da mai iya tsayuwa ko da dafa bango. Ɗayan buɗaɗɗe ne mai kunnuwa huɗu masu gam, shi ne na wanda ke kwance ko yake wuni a keke.

A gaban leda akwai babban harafi: M, ko L, ko XL. Girman famfas ɗin ke nan. M matsakaici, L babba, XL ya fi L. Kusa da harafin akwai lamba biyu da ɗan layi a tsakaninsu, sannan cm, wato santimita. Ku ari tef ɗin awo na tela, ku auna ƙugu, ku auna ɗuwawu inda ya fi faɗi, ku rubuta lambar da ta fi girma. Ita za ta faɗa tsakanin lambobin nan biyu. Misali, awonku 105 ne, leda ta ce 90-120, to daidai ne. Kowane kamfani da nasa lambobin, saboda haka kar ku haddace harafin kawai.

Hattara da lambobin Larabci. Biyar ɗinsu zagaye ne, ٥, ya yi kama da sifirinmu. Sifirinsu kuwa ɗigo ne, ٠. Wanda ya ga ١٥٠ ya karanta 150, ba 100 ba.

Hoton ɗigon ruwa da ke jere yana nuna yawan abin da famfas ɗin ke sha. Ɗigo da yawa na dare ne. Girma daban, ƙarfin sha daban. Kar ku sayi XL don kuna tsammanin zai fi riƙe fitsari, sai dai ya bar ƙofa a cinya.

Darasi na 2: Ɗaurawa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Galibin waɗanda suka kawo min ƙarar cewa famfas na yoyo, ba kayan ne da laifi ba, ɗaurin ne.

Ku wanke hannu da sabulu. Ku buɗe famfas ɗin, ku ninka shi ta tsawo, ya yi lanƙwasa kamar kwalekwale. Ku duba cikinsa: akwai siririn ƙyalle mai roba a dama da hagu, a kwance. Shi za mu riƙa kira shinge. Ninkawar nan ce ke tayar da shi tsaye. Shingen da ke kwance ba ya tare komai.

Ɓangaren da ke da kunnuwa shi ne baya. Ku juya majinyacin ya kwanta ta gefe, ku zura famfas ɗin tsakanin cinyoyi daga gaba zuwa baya, ku baje bayan a kan ɗuwawu, ku maido shi rigingine, ku ɗago gaban. Idan namiji ne, gabansa ya dubi ƙasa, in ba haka ba fitsari ta sama zai fita ya jiƙa riga.

Kunnuwan ƙasa ake fara mannawa, a ɗan karkata su sama. Sannan na sama, a ɗan karkata su ƙasa. Na ƙasa kafin na sama.

Yanzu abin da ake mantawa. Ku sa yatsa ɗaya a matsematsi, inda cinya ta haɗu da jiki, ku zagaya da shi daga gaba har baya. Yatsan yana yin abu biyu: yana zaunar da shinge cikin matsematsin, yana kuma fito da gefen roba na waje idan ya naɗe ciki. Ku yi cinyar dama. Ku yi cinyar hagu. Kar ku yi ɗaya ku bar ɗaya.

Mu sake. Ninkawa, shinge ya tashi. Zurawa daga gaba. Na ƙasa kafin na sama. Yatsa ya zagaya dama, yatsa ya zagaya hagu.

Baba, in kai kake ɗaura wa kanka a bakin gado, haka nan ne. Hannun da ke da ƙarfi shi zai zagaya duka cinyoyin biyu, ko da zai ɗauke ka lokaci. Babu mai kora. Hajiya, in 'yarki ce ke ɗaura miki, ki tambaye ta da bakinki: "Kin zagaya da yatsa?" Ba raini ba ne, zanen gadonki kike ceto. Wanda ya kasa yau ya sake gobe. Na ga masu hannu ɗaya sun ƙware har suna koya wa sababbi.

Ku rubuta wannan jimla sau biyar a littafinku: Yatsa ya zagaya cinya biyu.

Kar ku haɗa famfas biyu, ɗaya cikin ɗaya. Bayan na ciki leda ne, ruwa ba ya ratsa shi, ta gefe zai malala. Kuɗi biyu, yoyo ɗaya. In dare na jiƙa gado, ku sayi mai ɗigo da yawa, ku shimfiɗa ƙyallen kare katifa, sannan ku duba ko kun zagaya da yatsa.

Darasi na 3: Fata

A bayan famfas da yawa akwai layi da ke sauya launi ko ya ɓace idan ya jiƙe. In mafi yawan layin ya sauya, a canza. In bayan gida ne, nan take, ko da yanzu aka ɗaura. Na san tsadar kayan nan, na san akwai gidan da ake ƙidaya su ɗaya-ɗaya har ƙarshen wata. Amma jinyar gyambo ta fi leda goma cin kuɗi, kuma zafin Makka, da ke haura digiri 40 da bazara, yana haɗa gumi da fitsari su ci fata da wuri.

A wanke da ruwan ɗumi, mace daga gaba zuwa baya. A tsane da tawul mai laushi, dannawa ake yi, ba gurzawa ba. A bari ya bushe sarai. A shafa man kare fata mai zink, kaɗan, har a riƙa hango fatar. Laɓta basilin yana toshe famfas ya ƙi sha. Hoda kuwa ku bar ta, dunƙulewa take yi a matsematsi.

Kullum a duba ɗuwawu da ƙashin gindin baya da ƙugu. A baƙar fata ba lalle a ga ja ba. Wurin zai yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi zafi ko tauri. Farkon gyambon kwanciya ke nan. A daina kwantar da shi a kan wurin, a riƙa juya shi duk awa 2, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Bayan an gama an ɗaura sabo, yatsa ya zagaya.

Darasi na 4: Ruwa

A nan zan yi faɗa. Na gaji da jin "na daina shan ruwa don kar in jiƙa." Wa ya koya muku wannan? Fitsarin da ya yi kauri yana ƙara tsokanar mafitsara, warinsa ya fi ƙarfi, yana jawo ciwon mafitsara da taurin bayan gida, taurin kuma ya danne mafitsarar ya ƙara yoyon. Kuna zaune a garin Zamzam kuna kashe kanku da ƙishi! Lita 1.5 zuwa 2 a rana, sai in likita ya rage muku saboda ƙoda ko zuciya. Abin ragewa shi ne shayi da gahawa da lemon kwalba mai kola, musamman bayan Magariba. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, wasunku har yanzu da fulas ɗin shayi suke kwana.

Zazzaɓi, fitsari mai gurɓata ko jini, ciwon kwiɓi, ko dattijo ya rikice ba zato: a nemi likita ranar. Lambar Ma'aikatar Lafiya 937. Mai ciwon laka daga ƙirji zuwa sama, in kansa ya sara da ƙarfi yana gumi, a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari, wato bututun da ake saka wa majinyaci don fitar da fitsari, ta lanƙwashe, a kira motar asibiti a 997.

Darasi na 5: Salla

Larurar nan ba ta ɗauke salla. Malaman Malikiyya sun ce fitsarin da ke zuba mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, an dai so a sabunta. Malaman nan ƙasar suna cewa a yi tsarki da alwala bayan shigar lokacin kowace salla. Ku tambayi malaminku. Mai zuwa Harami a keke ya canza kafin fita, ya ɗauki na canji.

Darasi na 6: Robar fitsari

Jakar da fitsari ke taruwa a ciki ta zauna ƙasa da mafitsara. Robar maza mai shiga kamar hula ana canza ta kullum. Sauran nas za ta nuna muku.

Darasi na 7: Zubarwa

A naɗe, a manne da kunnuwan, a ƙulle a leda, a jefa a shara. Ban da masai. A wanke hannu. Mako mai zuwa kowa ya zo da awon ƙugunsa a rubuce.