Ka manta lambar sirrin taƙaita wa yara waya? Dakata kafin ka kai ta filashin

Lamba huɗu ce kacal, amma ranar da ta kwanta maka, hankalin gida gaba ɗaya sai ya tashi. Yaro yana da aikin makaranta da zai tura, lokacin da ka ƙayyade masa ya cika, manhajojin duk sun dushe. Ka danna shekarar haihuwarka ta ƙi, ka danna ƙarshen lambar wayar mahaifiyarsa ta ƙi. Mantuwar ba wani abu ba ce, tana da gyara cikin 'yan mintuna. Abin da iyaye ke yi bayanta cikin gaggawa shi ne ke jawo asara.

Da yawa sukan fara da canke. A iPhone da iPad, idan ka yi ta danna lambar Screen Time (tsarin Apple na taƙaita amfani da waya) ba daidai ba, wayar za ta sa ka jira minti 1, sai minti 5, sai 15, har ta kai awa guda. Gwada biyu ko uku da kake kyautata wa zato, in ba su yi ba ka tsaya.

Kafin komai, gane wane makulli ne a gabanka. Lambar buɗe allon waya daban, lambar taƙaita wa yara daban, kalmar sirrin asusunka na Apple ko Google kuma daban. Mutane na cakuɗa su, sai su je neman maganin ciwon da ba shi ke damunsu ba. Idan wayar tana buɗewa, wasu manhajoji ne kawai suka kulle, to hotunanka da saƙonninka suna nan lafiya, babu dalilin goge komai.

Ga mai iPhone, tun daga iOS 13.4 da ta fito a 2020 akwai hanya a cikin wayar kanta. Shiga Settings, sai Screen Time, sai Change Screen Time Passcode, ka taɓa Forgot Passcode. Za ta nemi adireshin imel da kalmar sirrin asusun Apple da aka saka ranar da aka kafa lambar, daga nan ka zaɓi sabuwa. A nan akwai wani tuntuɓe da iyaye ke yawan yi: idan yaron yana cikin tsarin Family Sharing, wato rukunin iyali na Apple, ba a wayarsa ake gyaran ba. Za ka yi ta lalube a iPad ɗinsa ba ka ga komai ba. Ɗauki taka wayar, kai da ka kafa rukunin iyalin, shiga Screen Time, taɓa sunan yaron, ka canza lambar daga can. Fuskarka ko yatsanka ko lambar buɗe wayarka kawai za ta nema.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne filashin. Mutum ya ɗauki waya ya nufi kasuwar waya, ya ce wa mai gyara, "Malam, goge min ita gaba ɗaya." Hotunan suna da na biki, karatun da aka naɗa, hirarrakin WhatsApp da ba a taɓa adanawa ba, duk su tafi. Kuma sau da yawa matsalar ba ta tafi tare da su ba. iPhone da aka goge, muddin Find My (tsarin gano wayar da ta ɓace) yana kunne, ba za ta buɗe ba sai an saka asusun Apple na mai ita. Android ma haka: tun daga 5.1 Google ya sa kariyar da idan aka goge waya ta bayan fage, sai ta nemi asusun da ke kanta a da. Tecno ce, Infinix ce, Samsung ce, duk ɗaya. Ka shiga shago da waya mai aiki wadda YouTube kawai ya kulle, ka fito da wadda ko kira ba ta yi. Wani abin da mutane ba su sani ba kuma, in ka goge iPhone sannan ka dawo da tsohon ajiyarka na bayanan wayar, lambar da kake gudu tana iya dawowa tare da shi. Gogewa ba ta cire ta sai an saita wayar a matsayin sabuwa fil.

A ɓangaren Android, Family Link, manhajar Google ta sa ido kan wayar yara, ba ta dogara da wata lamba ɗaya da za ka haddace. Manhajar da ke wayarka ce ke ba ka lambar shiga ta iyaye, kuma tana sauyawa lokaci-lokaci, don haka wadda ka rubuta a bangon littafi watan jiya ta daina aiki. Buɗe Family Link, ɗauko sabuwa, ka saka a wayar yaron. Idan wayarka ta lalace ko an sace ta, shiga familylink.google.com da asusunka a kowace kwamfuta.

Lambar taƙaita saukar da manhajoji a Play Store ta fi kowacce sauƙi. Je saitunan waya, nemi Google Play Store a jerin manhajoji, goge bayanan ajiyarta, lambar ta tafi. Sai dai taƙaitawar ma ta tafi tare da ita, ka sake kunna ta nan take. YouTube Kids kuwa cire ta ka sake saukewa.

Yawancin hanyoyin nan wuri guda suke komawa: asusun. Nan ne kuma matsalarmu ta gaskiya take. Mutane nawa ne yaron shago ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi waya, ya saka kalmar sirrin da shi ma ya manta kafin la'asar? Nawa ne suka sayi iPad na hannu da asusun wani a kai? Idan kalmar sirrin asusun ce ta ɓace, ita za ka fara nema, ta iforgot.apple.com ko shafin dawo da asusu na Google. Za a turo saƙo ga lambar waya ko imel ɗin da aka ajiye, shi ya sa barin tsohon layi ya mutu babbar kasada ce, domin kamfanoni kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a amfani da shi. In kuma ka canza kalmar sirrin Google, kuma dole sai ka goge wayar, Google da kansa yana cewa a jira awa 24 tukuna.

Masu tallar manhajar "cire kowane makulli" a intanet, da masu cewa ka turo imel da kalmar sirrinka su buɗe maka daga nesa, ka yi nesa da su. Wanda ya riƙe asusunka ya riƙe hotunan iyalinka, yana kuma iya kulle wayar ya nemi kuɗi.

Da ka samu shiga, kada ka ce bari ka kashe taƙaitawar "zuwa anjima", anjimar nan kan zama wata uku. Saka sabuwar lamba a take, wadda ba shekarar haihuwar kowa ba ce a gidan, kuma kada ka danna ta a gaban yaro, don idonsu ya fi namu saurin ɗauka. Lokacin da iPhone ta nemi ka haɗa lambar da asusun Apple, kada ka tsallake, wannan matakin ne ke sa Forgot Passcode ya yi maka aiki gobe. Sannan ka faɗa wa mahaifiyar yaran lambar, ka kuma rubuta ta tare da kalmar sirrin asusun a takarda, ka ajiye inda kake ajiye takardun haihuwarsu.