Yadda ake shirya kundin waiwaye ga ɗaliban aji shida kafin su bar makaranta

Yaro ya yi shekara shida a sakandare, ya fita da sakamakon jarrabawa da hoton ranar walima, amma babu inda aka rubuta abin da ya faru da shi a tsakani. Kundin waiwaye shi ne ɗan littafin da ɗalibin aji shida zai cika da hannunsa: inda ya fito, waɗanda suka koyar da shi, da inda ya nufa. Ga yadda malamin aji zai tsara shi a makarantunmu na Kebbi, ta kwana ce ko ta jeka-ka-dawo, ba tare da kashe wani kuɗin kirki ba.

Fara da wuri. Malam, kada ka bari sai zango na uku. Jarrabawar JAMB kan zo wajen watan Afrilu, WAEC ta cinye Mayu da Yuni, NECO ta biyo baya har cikin Yuli. Kafin a ajiye biro damina ta kankama, yaran Argungu da Suru da Bunza sun shiga gona, ba za ka sake haɗa kansu ba. Saboda haka a fara a Janairu, da shigowar zango na biyu, minti talatin a mako ya isa. Kowa ya zo da littafin rubutu sabo, wanda ba za a yi wani darasi a ciki ba.

Tun ranar farko ka sanar da su abu biyu. Na ɗaya, babu maki. Da zarar yaro ya ji za a ba da maki, zai kwafo kalaman yabo ya cika shafi da su. Na biyu, kowa ya rubuta da harshen da tunaninsa ke gudu a ciki: Hausa, Turanci, ko ajami ga wanda ya fi sakewa da shi. Ɗan Zuru da ya ga wata magana ba ta fitowa daidai sai da C'lela, ya rubuta ta haka, ya yi bayaninta a ƙasa.

Aikin farko shi ne jera shekaru. A ware shafi ɗaya ga kowane aji, daga aji ɗaya zuwa shida, a rubuta abu guda da ya faru a shekarar. A nan ne aikinka yake, domin yawancinsu za su rubuta "na yi ƙoƙari sosai" su ajiye biro. Ka mayar musu da tambaya: wace rana, a ina, wa ke wurin? Yarinyar da ta ce lissafi ya ba ta wuya, ta rubuta ranar da aka kira ta gaban allo alli ya ƙare a hannunta ba ta gama ba, da ƙawar da ta zauna da ita ƙarƙashin dalbejiya bayan an tashi har ta gane. Irin wannan ne zai yi mata amfani idan ta buɗe littafin bayan shekara ashirin.

Sai dai a yi hattara. Yaranmu sun taso cikin zamani mai nauyi. Sun san rufe makarantu na korona a 2020, sun ji labarin sace ɗalibai a kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a 2021, wasunsu ambaliya ta taɓa raba su da gida ko ta cinye shinkafar da ake biya musu kuɗin jarrabawa da ita. Wanda ya so ya rubuta irin wannan, a bar shi. Wanda bai so ba, kada a matsa masa, kuma kada a karanta shafin kowa a gaban aji sai da yardarsa.

Aiki na biyu, sunayen malamai. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu: Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da kansa ya rubuta sunayen malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karanta wajen kowanne. Ɗalibi ya bi wannan sawu, ya faro daga malamin allo, ya zo firamare, ya iso sakandare. Ya sa har da waɗanda ba su riƙe alli ba, kamar baba maigadi, ko kawun da ya koya masa gyaran injin ban-ruwa.

Na uku, hira da babba a gida. A hutun ƙarshen zango, kowa ya zauna da Inna ko Baba ko kaka ya tambaya: yaya kuka gan ni lokacin da na shiga aji ɗaya, me ya canza? Ya rubuta amsar yadda aka faɗe ta, kada ya gyara.

Na huɗu shi ne shafin gaba, kuma a nan nake roƙon malamai su yi adalci. Wani zai nufi Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko ta jiha da ke Aliero, wata Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, wani Kwalejin Waziri Umaru. Amma akwai mai komawa fadama, da mai shiga kasuwar Jega wajen yayansa, da mai koyon ɗinki. Kowannensu ya rubuta hanya biyu: wadda yake so, da wadda zai bi idan sakamako bai zo yadda ake fata ba, tare da sunan mutumin da zai nemi shawararsa.

Daga nan kowa ya rubuta 'yar wasiƙa ga ƙanen da zai shigo aji ɗaya, a takarda daban. Ita kaɗai ce makaranta za ta riƙe. Shugaban makaranta ya adana su, a raba wa sababbin ɗalibai a makon farko da suka shigo.

Littafin kuwa ka karɓa kafin a fara WAEC, ka karanta, ka rubuta layi biyu ko uku a shafin ƙarshe kan wani hali da ka gani a wurin yaron da idonka. Ka mayar wa kowa nasa ranar takardar ƙarshe ta NECO, tun kafin su watse, don ranar walima ba kowa ke samun zuwa ba.