Matakan da Za a Bi Idan Ana Zargin Toshewar Bututun Mahaifa

Idan mace ta shekara da miji ba ta samu ciki ba, ko wata 6 idan ta haura shekara 35, to lokacin ganin likitan mata ya yi. A nan Yamai, asibitin haihuwa na Issaka Gazobi yana cikin wuraren da ake tura irin wannan matsala. A je tare da maigida, domin gwajin maniyyi ya fi sauƙi, kuma bai kamata a sa mace wahalar bincike alhali ba a duba nasa ɓangaren ba.

Kafin a yi maganar magani, a tabbatar da toshewar bututun mahaifa, wato hanyoyi biyu da ƙwan mace ke bi zuwa mahaifa. Ana yin hoton HSG bayan ɗaukewar haila, kafin lokacin fitar ƙwai: a zuba ruwa na musamman ta bakin mahaifa, a duba ko ya bi ta bututun biyu ya fita. Akan ji murɗawar mara na ɗan lokaci. Wani lokaci bututu yakan matse saboda zafi, hoton ya nuna toshewa alhali hanya a buɗe take, don haka likita yakan so ya leƙa cikin da ƙaramar kyamara ta cibiya kafin ya yanke hukunci.

Galibi tabo ne ke toshe hanyar, wanda ciwon sanyi, ko ƙwayar cuta bayan haihuwa ko ɓari, ko tsargiya suka bari. Maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da ciwon, amma ba ya goge tabo, kuma matsi da sassaƙe ba sa buɗe bututu. Shekarun da ake ɓatawa a kansu su ne babbar asara, tunda ƙwan mace yana raguwa da shekaru.

Idan bututu ɗaya lafiyayye ne, ana iya samun ciki da shi. Idan mannewar kaɗan ce, tiyata na iya gyarawa. Idan kuwa duka biyun sun lalace, hanyar da ta fi dacewa ita ce FIV, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji sannan a mayar cikin mahaifa, dabarar da aka haifi Louise Brown da ita a Ingila a 1978, kasancewar mahaifiyarta tana da wannan matsalar. Dabarar tana da tsada ƙwarai, kuma ba kullum ake dacewa a karon farko ba. Bututun da ya kumbura da ruwa akan cire shi ko a ɗaure shi tukuna, saboda ruwan yana hana ciki zama.

Da zarar an yi ɓatan wata bayan kowane magani, a hanzarta yin eko, wato hoton ciki, domin mai tabo a bututu ta fi shiga haɗarin ciki a wajen mahaifa. Ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya, ko zubar jini da jiri, a wuce asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.