Yadda Ake Zaɓar Ƙarfen Zamewa na Durowa da Ƙofar Kabad a Legas

Kafin mutum ya nufi kasuwar Mushin, inda masu sayar da kayan kafintoci suka yi yawa, ya kamata ya auna zurfin kabad ɗinsa daga ciki, ya kuma san abin da zai zuba a cikin durowar, domin nauyin kaya ne ke nuna irin ƙarfen da ya dace. Ana sayar da ƙarafan nan bibbiyu, tsawonsu na tashi daga inci 10 zuwa 22, kuma ana ɗaukar wanda ya ɗan gaza zurfin kabad.

Mafi araha shi ne mai farin fenti da tayar roba, wanda ya isa durowar takardu ko tufafin yara, sai dai ba ya barin durowa ta fito gaba ɗaya. Na biyu shi ne mai boris, wato wanda ƙananan ƙwallayen ƙarfe ke gudu a cikinsa. Mai faɗin milimita 45 yakan ɗauki kilo 35 zuwa 45, yana kuma fito da durowa har ƙarshe, saboda haka shi nake ba matan gida shawara a kai idan tukwane da shinkafa za su ajiye. Akwai kuma wanda ake ɗaurawa a ƙarƙashi ba a ganinsa, irin na kamfanonin Blum da Hettich, amma yana da tsada, yana kuma buƙatar ƙwararren kafinta.

Inda aiki ya fi lalacewa shi ne wurin rata. Mai boris yana buƙatar milimita 12.7, wato rabin inci, a kowane gefe tsakanin durowa da jikin kabad. Idan ratar ta ragu durowa za ta cije, musamman da damina, lokacin da katako ke shan laima ya kumbura. Idan kuma ta yi yawa, sai ta riƙa gwame tana ƙara.

Iskar Legas ma abin lura ce. Mazauna Obalende, Lekki da Ajah sun san yadda gishirin teku ke sa ƙarfe tsatsa, don haka ina ganin gara su ƙara kuɗi su sayi ƙarfen da ba ya tsatsa. A shago, mai saye ya ja ƙarfen da hannunsa ya mayar da shi, idan ya ji yana kartar juna ko ya ga ya yi laushi yana lanƙwasa, to ya ajiye shi.

Game da ƙofa mai zamewa, wadda ke da amfani ƙwarai a ƙananan ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba, tana iya gudu a kan layin ƙasa ko ta rataya a layin sama. Layin ƙasa ya fi ɗaukar ƙofa mai nauyi ko mai madubi, amma yana tara ƙura, sai an riƙa share shi. A zaɓi layin alminiyam, a kuma tabbatar tayoyin suna da wurin gyara tsayi, kuma sun dace da kaurin katakon, wanda yawanci milimita 18 ne.