Yadda Ake Zaɓar Zane-Zane Da Jera Su A Zauren Baje Koli

Matasan masu zane da nake gani suna shirya baje kolinsu na farko a Kano, kusan duk wuri guda suke tuntuɓe. Su kwaso duk abin da suka taɓa zanawa, su cika bango maƙil kamar rumfar Kantin Kwari. Mai kallo ya shiga, idonsa ya rasa inda zai sauka, ya fita bai riƙe ko ɗaya ba.

Fara da zauren. Je ka auna shi da tef, ka tambayi masu wurin ko an yarda a buga ƙusa. Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa ginin ƙasa ne na tarihi, kada ka sa rai za a bar ka da guduma a irin waɗannan wurare. Sa kafinta ya haɗa maka allunan katako masu ƙafa, a shafe su da farin fenti. Zai ci kuɗi, amma za su sake yi maka amfani baɗi.

Sai zaɓe. In kana da zane 40, ɗauki 15. Kusan kowannenmu yana da hawan sallah da marinar Ƙofar Mata da Dutsen Dala, to in dawakinka sun kai shida, biyu mafiya ƙarfi sun isa. Zanen da ya fi ba ka wahala ba lallai shi ne ya fi kyau ba, don haka kira abokin da ba ya jin kunyarka ya taya ka tankaɗe.

Ranar jeri, kada ka taɓa ƙusa tukuna. Jingine su a ƙasa, kowanne a gindin inda kake so ya hau. Fita waje, ka sake shigowa kamar baƙo. Bangon da ke kallon ƙofa, shi za ka ba zanen da ka fi ji da shi, shi kaɗai in da hali. Zane mai ja da ruwan ɗorawa yana danne na shuɗin baba in sun yi maƙwabtaka, raba su.

Tsayi kuwa, nan ne nake so ka natsu, don nan aka fi ɓata aiki. Mutane suna rataya zane can sama inda ake rataya agogo, ko su daidaita kawunan firam-firam, sai babba ya zubo ƙasa, ƙarami ya maƙale a sama. Tsakiyar zane ake daidaitawa. Ja igiya a santimita 150 daga ƙasa, ta zagaye zauren, tsakiyar kowane zane ta faɗa kanta. Ga lissafin: zane mai tsayin santimita 80, rabinsa 40, haɗa da 150, kansa zai tsaya a 190. Juya bayansa, ja wayar ratayar sama da yatsa har ta miƙe, ka auna daga nan zuwa kan firam. In 10 ne, ƙusarka a 180 take. Wanda ya manta da wannan wayar, shi ne za ka ga ya huda bango sau uku. Tsakanin manyan zane bar aƙalla kamu ɗaya.

Haske ya fito daga sama a karkace, don kada gilashi ya riƙa ƙyalli. Zanen kalar ruwa da na takarda ka nisanta su da taga, rana tana koɗar da su. Tanadi janareto, kuma in da hunturu ne a goge firam kowace safiya da busasshen tsumma mai laushi. Kowane zane ya sami ɗan kati a damansa: suna, shekara, kayan da aka yi shi da su, da farashi. Wanda aka saya, manna masa jan ɗigo, mai shi ya zo ya ɗauka ranar rufewa.