Kurakuran da ake tafkawa wajen sa wa tsohuwar Peugeot 504 sabon gilashi

Mutum zai ɗauko tsohuwar 504, irin wadda kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, ya zuba kuɗi a inji, ya kai ta fenti, a yi wa kujeru sabuwar riga, amma da an zo kan gilashi sai kaji yace a samo duk wanda ya shiga kawai. Wallahi abin nan yana damuna, domin gilashin gaba shine a gaban fuskarka da ta iyalinka.

Babban kuskure shine rashin sanin cewa gilashin mota iri biyu ne. Akwai mai fallaye biyu da siririyar leda a tsakiya, idan dutse ya same shi tsagewa yake yi amma ya tsaya a wurinsa, wannan shine na gaba. Akwai kuma gasasshe wanda in ya fashe sai ya zube ƙanana ƙanana kamar tsakuwa, shi na ƙofofi ne da na baya. Motocin Turai da yawa na shekarun 1960 da 1970 da gasasshen suka fito har a gaba, to kar kace sai ka nemo irin na asali sak, sa mai leda ɗin yafi maka, tunda na da ɗin in ya fashe kana cikin gudu gaba ɗaya yake yin fari ka daina ganin titi.

Kafin ka biya, sunkuya ka duba kusurwar gilashin ta ƙasa, akwai tambari. Zaka ga sunan kamfani, irinsu Sekurit ko Pilkington ko Fuyao ko XYG, sai harafin E da lamba cikin da'ira, sai 43R, na gaba kuma sau da yawa zaka ga Laminated, wato mai leda, da AS1. In kaga AS2 ko Tempered, wato gasasshe, to ba wanda zaka sa a gaba bane. Sa farce ka kankari tambarin, na gaske baya fita, in sitika ce aka manna ajiye musu kayansu. Wani abu kuma da ake ruɗar mutane dashi, E1 Jamus ce, E2 Faransa, amma ƙasar da ta amince da ingancin gilashin lambar take nunawa, bata nufin a can aka ƙera shi. Gilashin Chana zai iya ɗaukar E1 kuma ya zama mai kyau, kawai dai kar a caje ka kuɗin ɗan Jamus saboda lambar.

Tambari kaɗai baya isa fa. Ka sa a fito da gilashin waje a riƙe maka shi a ɗan kishingiɗe yadda zai zauna a mota, ka hango falwayar wuta ta cikinsa, ka riƙa motsa kanka dama da hagu. In falwayar tana lanƙwashewa ko tana rawa, musamman ta wajen gefe inda gilashin ya karkata, bar shi, tafiya mai nisa da irin wannan idonka zai gaji kanka yayi ciwo.

Wasu kuma suna jefar da tsohon gilashi tun ranar da aka kwance mota. Ajiye shi ko da ya tsage, dashi zaka gwada sabon, ka ɗora ɗaya kan ɗaya kaga lanƙwasar da kusurwoyi da kauri. Na ƙofa in yayi siriri zai ta ƙara a cikin ƙofa. Sannan salun daban, wagon daban, akori kura daban, gilashin bayansu ba ɗaya bane, ka faɗi wadda kake da ita sosai a kasuwar Panteka ne ko ta Kofar Ruwa. Duk wanda yace maka zai ɗan rage gasasshen gilashi ya shiga, kar ka yarda, ba'a yanka shi bayan an gasa, tarwatsewa zai yi.

Na hannu ma ba laifi bane, wani lokacin yafi sabo zama daidai, amma duba gefensa ko ya fara yin fari fari, alamar ledar ta fara rabuwa kenan. Duba sawun waifa da ƙananan ramukan da yashi yayi, da rana basu da wani abu amma da dare fitilar mai tahowa watsuwa take a ido.

Inda aka fi yin asara kuma shine wajen ɗaurawa. Gilashin 504 a cikin roba yake zama, ba manne shi ake da gam irin na motocin yanzu ba. Sai a sayo sabon gilashi a mayar da tsohuwar robar da rana ta gama busarwa, ta ƙi buɗewa, a ta dannawa har gilashi ya tsage tun bai hau titi ba. Sayi sabuwar roba. In an cire tsohuwar, duba bakin ƙarfen nan, kusan kullum akwai tsatsa a kusurwoyin ƙasa inda ruwa yake kwanciya, a kankare, in ya huje a yi walda, a shafa fenti ya bushe tukuna. Kuma dan Allah a daina tsiyaya silikon ɗin gini mai warin tsami, cin ƙarfe yake. A sa robar a jikin gilashin, a zura igiya a kwarinta, a shafa ruwan sabulu, mutum ɗaya na danna da tafin hannu daga waje ɗaya na jan igiyar a hankali daga ciki, babu sukuddireba babu bugu.

Kafin a mayar da kafet, a watsa ruwa sosai ta waje wani na zaune a ciki yana duba kusurwoyi da ƙarƙashin dashbod, in akwai ɗigo a gyara a lokacin tun mai ɗaurawa bai tafi ba.