Yadda Ake Auna Saurin Aikin Ribozayim a Ɗakin Gwaje-gwaje

Kafin 1982 masana sun ɗauka furotin kaɗai ke hanzarta sauyin sinadarai a jikin halitta, sai Thomas Cech ya gano RNA (zaren sinadari ɗan'uwan DNA) mai yanke kansa a ƙwayar halittar Tetrahymena, binciken da ya ba shi kyautar Nobel ta 1989 tare da Sidney Altman. Irin wannan RNA ake kira ribozayim, kuma mai siffar kan guduma ya fi sauƙin gwadawa.

Da farko a sa safar hannu, domin fatar mutum na ɗauke da sinadarin da ke lalata RNA. A haɗa ribozayim da zaren RNA da za a yanke, wanda aka sa wa alama mai ƙyalli a ƙarshensa, cikin ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 7.5. A ɗumama zuwa digiri 90 a ma'aunin Celsius na minti ɗaya, sannan a bari ya huce sannu a hankali har zaruruwan su manne.

Daga nan sai a zuba magnesiyam, milimola 10 (ma'aunin yawansa a cikin ruwan), a fara ƙirga lokaci. A ganina nan ne asirin yake. Zaren RNA cike yake da caji maras so, wato na ragi, mai ture juna. Magnesiyam ke kwantar da shi har ribozayim ya naɗe. Da zarar ya naɗe, sai ya murɗa zaren ta yadda ƙwayar zarrar oksijin ta kan sukarin ribos na jikin zaren za ta fuskanci fosforas ɗin da ke kusa, su tsaya a layi ɗaya. Wani guwanin (ɗaya daga cikin tubalan RNA huɗu) na jikin ribozayim ya zare mata furoton (ƙwayar haidirojin mai caji) don ta yi ƙarfin kai hari, wani kuma ya taimaka a miƙa furoton ga ɓangaren da zai balle. Zaren ya tsinke, ribozayim kuwa bai canza ba.

Lokaci-lokaci a ɗebi kaɗan a tsoma cikin EDTA, wadda ke kame magnesiyam ta tsayar da aikin nan take. A rarrabe gutsattsarin a kan jel da wutar lantarki. Gajeru sun fi saurin gangarawa, don haka za a ga layin sama, na zaren da bai tsinke ba, yana dishewa, na ƙasa, na gutsattsarin, yana ƙara haske.

Kada a manta da kwalba ta biyu wadda babu ribozayim a cikinta. Zaren da ke cikinta kusan ba zai tsinke ba, alhali ƙaramin ribozayim mai siffar kan guduma yana yanka kusan sau ɗaya a minti, wato ninki kimanin miliyan ɗaya na saurin tsinkewar zaren shi kaɗai.